Marigayi Baba ya bar mana Peugeot 504 a tsakiyar gyara, ta ina za mu fara?

Ɗan Injiniya:

Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, injiniya ne. Bayan ya yi ritaya daga aikin gwamnati sai ya mayar da rumfar bayan gida gareji, yana sayo tsofaffin motocin da aka fid da rai da su yana tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Mutum ne da ba ya jefar da ko noti guda. Kowane gwangwanin madara ya liƙa masa takarda da sunan abin da ke ciki, kuma yana da littafin da yake rubuta duk abin da ya kwance da ranar da ya kwance shi.

Motar ƙarshe da ya taɓa ita ce Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna, injin fetur mai lita 2, kafireta, giya huɗu. Shekararta shida ke nan a tsaye. Injin a haɗe yake a cikinta, an cire batir, lagireto yana ajiye a gefe, akwai ragowar fetur a tanki, tayoyi sun sace, birki kuma in an taka sai ya nutse har ƙasa. Abu na ƙarshe da ya rubuta a littafin shi ne ya sa sababbin ringi da sabon gaskit na tof silinda, a ƙasa ya ƙara da cewa saura saitin bawul da ɗauri na biyu.

Muna so mu ƙarasa masa ita. Wani ya ce mu sa batir kawai, mu ɗiga fetur a kafireta mu ga ko za ta tashi. Masana, haka ake yi? In ba haka ba, me ake fara yi?

Tsohon Bakanike, Kakuri:

Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta masa, Ya sa ya huta. Ɗana, kada ku sa batir ɗin nan tukuna. Injin da aka sa wa sababbin ringi, bai taɓa tashi ba, ya kuma kwana shekara shida, bangon silindarsa a bushe yake ƙarau, wataƙila har da tsatsa a inda ringin ya tsaya. Kik ɗin mota ba ya jin tausayi. In ringi ya manne, karya shi zai yi ko ya kankare bangon silinda, aikin Baba na ƙarshe ya lalace cikin daƙiƙa biyar.

Ku fara da hura ƙurar da ke gindin fulogai, sannan ku cire duka huɗun. Ku haɗa baƙin mai da man dizal rabi da rabi, ku zuba kamar cokali uku a kowace silinda. Injin 504 a karkace yake zaune, don haka man yakan taru a gefe guda, shi ya sa ake zuba shi da ɗan yawa. Ku toshe ramukan da tsumma mai tsabta, ku bar shi kwana uku ko huɗu. Bayan nan ku buɗe murfin bawul ku shafe komai na ciki da baƙin mai, ku sa giya a firi, ku juya injin da hannu ta notin fulin gaba. A hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan. Yayin da yake juyawa wani ya zuba ido a kan bawul takwas ɗin, ya ga kowanne yana sauka yana dawowa. Bawul ɗin da ya sauka ya ƙi dawowa ya maƙale a hanyarsa ne, in aka matsa masa sandar da ke tura shi za ta lanƙwashe. Inda injin ya cije, ku tsaya, ku ƙara mai, ku ƙara kwana biyu. Kada a sa wa sifana dogon bututu don ƙarin ƙarfi.

In ya zagaya sau biyu lafiya, sai saitin bawul da Baba ya bari. Ana yin sa injin yana sanyi: na shigar mai 0.10 na milimita, na fitar hayaƙi 0.25. Peugeot tana ƙirga silinda ta 1 daga baya ne, wajen giya, wuta kuma tana bin 1, 3, 4, 2. Hanya mafi sauƙi ita ce a juya har bawul ɗin hayaƙi na silinda ta 1 ya buɗe iyakarsa, a saita na shiga na 3 da na hayaƙi na 4. In na hayaƙin 3 ya buɗe, a saita na shiga na 4 da na hayaƙin 2. In na 4 ya buɗe, na shiga na 2 da na hayaƙin 1. In na 2 ya buɗe, na shiga na 1 da na hayaƙin 3. Da ma'aunin tsaga ake yi, ban yarda da saitin kunne ba. In na hayaƙi ya matse, bawul ba ya zama sosai a mazauninsa, zafi ba ya fita daga jikinsa, sai ya ƙone.

Sannan mai. Ku tsiyaye tsohon baƙin mai, ku kalli abin da ya fara fitowa da kyau, ku canza filta, ku zuba sabo wajen lita 4. Mai kauri 20W50 ya dace da wannan injin a zafinmu. Fulogai suna waje, an cire wayar koyil, yanzu ne za a sa batir a buga kik daƙiƙa goma, a huta, a sake, har fitilar mai ta mutu a dashbod. In an buga sau biyar ko shida ba ta mutu ba, a tsaya a binciki famfon mai, kada a ci gaba.

Fetur ɗin da ke tanki ya riga ya mutu, ya zama danƙo. Kada ko ɗigo ɗaya ya isa kafireta. A sauke tankin a wanke, a leƙa cikinsa da tocila a ga ko ya yi tsatsa. Tashin farko daga galan daban za a ba ta fetur, da sabon tiyo da sabuwar filta. Famfon fetur na 504 a jikin inji yake, akwai fatar roba a cikinsa da ke tsagewa in ta bushe, in ta tsage kuma fetur na iya gangarawa cikin baƙin mai ya tsinka shi, don haka a canza ta. Kafireta, ko Solex ce ko Zenith, a kwance ta a jiƙa, a hura jet da iska. Masu zura waya a jet suna faɗaɗa ramin ne, mota ta koma shan mai da baƙin hayaƙi.

Kontak, wato bakin da ke buɗewa yana rufewa don ba fulogai wuta, a buɗe shi 0.40 na milimita, bakin fulogi 0.6. Kontak ɗin da ya daɗe a ajiye yakan yi wani farin datti a fuskarsa da ke hana wuta wucewa, a goge shi da samfefa mai laushi. Ranar tayarwa a mayar da gidan filtar iska a kan kafireta, a ajiye abin kashe gobara kusa. Ɗiga fetur a buɗaɗɗiyar kafireta shi ne hanyar da wuta ke dawowa ta kama fuskar mutum.

Ɗauri na biyu kuwa ba yanzu ba ne. Sabon gaskit yakan kwanta bayan inji ya yi zafi ya huce sau da yawa, shi ya sa ake sake ɗaure notocin tof silinda bayan tafiyar kamar kilomita 1,000, injin yana sanyi, da sifana mai ma'auni, bisa jerin da littafin motar ya tsara. Duk sanda aka sake ɗaurin, dole a sake saitin bawul.

Mai Rewaya:

Allah Ya jiƙan Baba. Abin da dattijo ya faɗa babu gyara, sai ƙari a kan wuta da birki.

Motar da ta kwana shekara shida a rumfa gidan ɓera ce. Kafin a haɗa batir a bi wayoyin da ke bayan dashbod da cikin bonet da ido da hannu. Sannan a haɗa kan fosi, wato fositif, a bar na negetif, a sa ƙwan fitila mai volt 12 tsakanin kan batir da wayar negetif ɗin. Makulli a kashe, ƙofofi a rufe. In ƙwan ya kama da haske sosai, akwai wayar da ke taɓa bodi. A riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har hasken ya mutu, layin da matsalar take ke nan. Ƙwan ne zai ɗauki wutar maimakon wayoyi su narke. A kankare duk inda wayar as, wato wayar da ke mayar da wuta ta jikin ƙarfe, ta kama bodi da inji har ƙarfe ya yi fari, da yawa daga fitilun da ake cewa sun mutu a tsohuwar mota rashin as ne. Fis ɗin da aka naɗe da waya a jefar da shi.

Birki kuwa, man birki yana shan danshin iska, ruwan ya kwanta a cikin masta, wato famfon da ke tura man in an taka, da silindojin ƙafa ya ci su. Nutsewar da kake gani robobin masta ne suka mutu ko man ya zube. Ƙara mai da fitar da iska ba zai wadatar ba. A kwance masta da duk ƙafafu huɗu, a duba bangon ciki, in tsatsa ta yi ramuka a canza gaba ɗaya, domin sabuwar roba a kan bango mai rami kwana kaɗan take yi. Wasu 504 birkinsu faifai ne gaba da baya, wasu ganga ce a baya, ka leƙa taka kafin ka je sayen kaya. Tiyon roba da ke zuwa kowace ƙafa a canza su ko da sun yi kyau a ido, domin ta ciki suke kumbura: mai ya tafi in an taka, ya kasa dawowa, birki ya riƙe taya ta yi zafi. Kada fetur ko kananzir ko baƙin mai ya taɓa robar birki, kumbura take yi. Da man birki ake wanke ta. Man birki mai lamba DOT 4 za a zuba, a fara fitar da iska daga ƙafar da ta fi nisa da masta. Akwai wani bawul a ƙarƙashin motar ta baya da ke rage ƙarfin birkin baya gwargwadon nauyin kaya, yakan cije, a tabbatar hannunsa yana motsi.

Kulocin 504 ma da mai yake aiki, yana da masta a sama da ƙarami a jikin giya, cutarsu ɗaya da ta birki. Bayan haka faifan kuloci yakan manne da filawil in an daɗe ba a taka ba. Alamarsa, inji na aiki, ka taka kuloci, giya ta ƙi shiga sai ƙara.

Tayoyi a manta da su. Lamba huɗun ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a gefen taya mako ne da shekarar da aka yi ta, amma tayar da ta zauna a sace shekara shida zaren cikinta ya riga ya karye ko me lambar ta ce.

Ɗan Injiniya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mun jiƙa shi kwana huɗu, injin ya juya da hannu, bawul duka suna motsi. Sai dai da muka kwance notin baƙin mai, ruwa ne ya fara fitowa, kamar rabin kofin shayi, kafin mai ya biyo. Man bai yi fari ba. Wannan na nufin gaskit ɗin da Baba ya sa bai zauna ba ne? Wani kuma ya ba mu shawarar mu cire injin mu dasa na Toyota mu huta.

Mai Haɗa Inji, Ƙofar Ruwa:

Ɗan'uwa, man bai yi fari ba ne saboda injin bai yi aiki ba, ruwa da mai ba su kaɗu ba, ruwan ya kwanta a ƙasa. Wurare uku zai iya fitowa. Na farko raɓar da ke taruwa a cikin inji tsawon damuna shida, ita kaɗai tana iya tara wannan adadin. Na biyu gaskit. Na uku shi ne wanda ya kamata ka fahimta, domin a nan injin Peugeot ya bambanta da yawancin injunan da yaran gareji suka saba da su yanzu.

Silindojin wannan injin ba a jikin bulok aka huda su ba. Silif ne guda huɗu da ake zurawa a cire, ruwan sanyaya inji yana zagaye su kai tsaye. A gindin kowane silif akwai siririn abin toshewa da ke raba ruwa da baƙin mai, tof silinda kuma shi ke danne silif ɗin daga sama. In aka cire tof silinda aka juya karankishaf ba tare da an danne silif da ƙarfe da noti ba, fistin yana iya ɗaga silif, toshiyar gindin ta motsa, datti ya shiga ƙarƙashinta. Daga nan ruwa zai riƙa zuba cikin baƙin mai ko da gaskit sabo ne fil. Tunda Baba ya canza ringi, fistin sun fita sun koma. Ka duba littafinsa a shafukan da suka gabaci na ƙarshe. Injiniyan da ya san 504, in ya taɓa silif zai rubuta cewa ya canza toshiyar gindi, kuma zai rubuta awon yadda kan kowane silif ya ɗara fuskar bulok. Tazarar kamar kaurin takarda ce kawai, amma ita ke sa gaskit ya kama. In ka ga lambobi huɗu ƙanana a jere, su ne.

Kada a kwance komai kafin a gwada. A mayar da lagireto da sababbin tiyo, a cika ruwa, kusan lita 8 yake ci. A bar notin baƙin mai a buɗe da kwano mai tsabta a ƙasa. A sa famfon gwajin lagireto a ba shi iska daidai abin da aka rubuta a murfin lagireton, kada a wuce, a bar shi awa ɗaya. In allura ta tsaya cak kuma kwano a bushe, raɓa ce, ku ci gaba da abin da dattijo ya tsara. In allura tana sauka, a leƙa ramukan fulogi: ruwa a kan fistin gaskit ne ko tsagewar tof silinda. In kan fistin a bushe amma ruwa na ɗiga a kwano, a sauke kaskon mai a haska daga ƙasa, za a ga gindin silif ɗin da ke zufa.

Tof silindar alminiyom ce, bulok kuma baƙin ƙarfe. Ruwan rijiya zalla yana cin alminiyom ta wajen ramukan ruwa, yana kuma tara tsatsa a gindin silif. A zuba ruwan lagireto na gaske. A bar tamostat a wurinsa, cire shi da ake yi yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, sababbin ringi kuma ba sa zama da kyau a inji mai sanyi. Fankar 504 da yawa tana da maganaɗisun da ke kama ta sai ruwa ya yi zafi. In ka ga ba ta juyawa da ƙarfi da sanyin safiya ba lalacewa ba ce, amma a tabbatar tana kamawa in allurar zafi ta hau.

Giyar nan mai huɗu baƙin man inji take sha, lita ɗaya da ɗan kai. Mai kauri lamba 90 na aksul ɗin baya ne.

Batun dasa injin Toyota, ban goyi baya ba ko kaɗan. A salun ɗin 504 sandar da ke kai ƙarfi baya a cikin bututu take, an ɗaure bututun da giya da kuma aksul. Sauya inji na jawo yanke-yanke da walda a mazaunin inji da wannan bututu, in layin ya kauce kaɗan mota ta kama rawa har abada. Kuma kayan wannan injin ba su ɓace ba. Kamfanin Kaduna ya fara haɗa Peugeot a 1975, an ci gaba da fitar da 504 a Najeriya shekaru da yawa bayan Faransa ta daina, shi ya sa har yau ana samun silif da fistin da gaskit a Panteka ta Kaduna da nan Ƙofar Ruwa ta Kano da Ladipo ta Legas. Matsalar ita ce jabu. Ka tafi da tsohon abin a hannu a gwada, ka kuma fara duba gwangwanayen Baba, mai irin wannan hali da wuya ya sayi gaskit ɗaya tak.

Fanal Bita:

Allah Ya sa Aljanna ce makoma. Kafin a kashe kuɗi a inji a ɗaga kafet a ga ƙasan motar. A 504 tsatsa tana son ƙarƙashin batir, da kan shokazoba na gaba a cikin bonet, da dogarin ƙasan ƙofofi, da kwanon but, da inda ƙarfen ƙafar baya ya kama bodi. A caka sukudireba, inda ya shige a yanke a sa sabon ƙarfe a yi walda. Bodi fila a kan tsatsa damuna ɗaya yake yi ya kumbura. Robar gilashin gaba in ta tsage ita ke shigo da ruwa ƙarƙashin kafet.

Fenti kuwa, in na kamfani ne kuma bai fashe ba, ni dai a wanke a goge da man gogewa kawai. Fenti shi ne aikin ƙarshe, bayan inji da birki da wuta sun kammala, don sifana da man birki ba sa barin sabon fenti lafiya.

Malamin Ofis:

Allah Ya jiƙansa da rahama. Nawa ba na sifana ba ne. Motar nan da kayan aikin da ke rumfar dukiyar gado ce. In ba a raba ba, a zauna da dukan magada, har da iyaye mata da 'yan'uwa mata, a yi mata kuɗi a yadda take yanzu kafin gyara, a rubuta wanda ta faɗa wa ko yadda aka amince a riƙe ta tare, da shaidu. In aka bari sai ta tashi tana sheƙi, ƙimarta ta canza, kuɗin wanda ya yi gyara ya cakuɗe da haƙƙin waɗanda ba su yi ba.

A nemo takardunta na asali, a gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce. Wannan ma wani dalili ne na barin injinta, domin sauya inji sai an gyara takarda. Za a buƙaci canjin sunan mai mota, sabunta lasisi, inshora, da takardar lafiyar mota daga jami'an duba motoci kafin ta hau titi.

Littafin Baba kuma a ɗauki hoton kowane shafi tun yau, a daina shiga da na asalin gareji, baƙin mai zai cinye rubutun. A sayi sabon littafi a ci gaba daga inda ya tsaya, da kwanan wata da awo, yadda yake yi.

Tsohon Bakanike, Kakuri:

Ƙari ɗaya, ɗana. In gwajin ruwan ya fita lafiya ta kuma tashi, kada a bar ta tana aiki a tsaye awa da awanni, ringi ba sa zama a haka. Minti ashirin ya isa a duba yoyo da zafi da fitilar mai. Da birki ya kammala a fita da ita hanya mara cunkoso, a riƙa ƙara wuta ana sassautawa, ba lodi, ba gudu mai tsanani. A kilomita 500 a zubar da man a canza filta, za ka ga ɗan ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, na zaman ringi ne. A 1,000 a yi ɗauri na biyu da saitin bawul, sannan a auna matsin kowace silinda. In huɗun ba su bambanta da juna da fiye da kashi 10 cikin 100 ba, ka rubuta lambobin a sabon littafin, ka kuma kawo mana su nan mu gani.